Darasi: Buɗe Kasuwa Ba Shi Ne Ƙarshen Annoba Ba

Kasuwa ita ce cibiyar rayuwar ƙauye. A can manomi yake sayar da hatsi ya sayi taki. A can mai kiwo yake kai akuya ya samo kuɗin magani. In aka rufe kasuwa, gida ya shiga wahala. Shi ya sa ranar da aka sake buɗe ta kowa yakan fito da murna.

Amma a shekarar 2020, lokacin annobar korona, mutane da yawa sun yi wani kuskure. Sun ɗauka cewa tun da gwamnati ta buɗe kasuwa, to cuta ta tafi. Darasin wannan wata ya duba wannan kuskure, don kada a maimaita shi in wata annoba ta zo.

YADDA AKA RUFE GARI

An fara ganin cutar korona a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disamba, 2019. Ran 27 ga Fabrairu, 2020, aka sami mutum na farko mai ɗauke da ita a Nijeriya, a Legas. Ran 30 ga Maris Gwamnatin Tarayya ta sa dokar kulle a Legas da Ogun da Abuja. Kulle shi ne kowa ya zauna a gida, ba kasuwa, ba makaranta, ba tafiya.

A Kano kuwa, an sami mai cutar na farko ran 11 ga Afrilu. Kafin mako ya zagayo aka rufe jihar. Manyan kasuwanni irin su Kantin Kwari da Sabon Gari suka yi tsit. A cikin waɗannan makonni an yi ta rashe-rashe a birni, musamman na dattawa. Daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya ba da sanarwar cewa an ƙirga mamata 979, kuma ana jin rabinsu ko fiye suna da alaƙa da korona.

ME YA SA AKA BUƊE?

Kulle ya zo daidai da watan azumi. Yawancin jama'a sai sun fita suke samun na cefane. Ɗan dako da mai shayi da ɗan acaɓa duk suka rasa abin yi. Kayan gwari suka riƙa ruɓewa a hannun masu lambu saboda ba hanyar kai su birni. Ga damina ta ƙarato, manomi yana bukatar iri da taki.

Saboda haka gwamnati ta fara sassauta doka. Ran 4 ga Mayu aka buɗe Legas da Ogun da Abuja, tare da sharaɗin kowa ya rufe hanci da baki. A Kano aka ware wasu ranaku a mako don mutane su fita su sayi abinci. A farkon watan Yuli aka ɗage kullen Kano, aka kuma yarda motoci su riƙa tafiya daga jiha zuwa jiha.

Abin lura a nan shi ne, yunwa ce ta sa aka buɗe kasuwa. A lokacin ba a sami maganin cutar ba, ba a kuma sami allurar rigakafinta ba. Cutar tana nan a cikin jama'a kamar yadda take kafin a buɗe.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Ranar da aka buɗe Legas, jama'a suka yi cincirindo a ƙofar bankuna, kafaɗa da kafaɗa. Haka aka yi ta turereniya a kasuwannin Kano a ranakun da aka ware. A farkon watan Mayu waɗanda aka tabbatar sun kamu a Nijeriya ba su kai 3,000 ba. Zuwa ƙarshen watan Yuni sun haura 25,000. Ƙaruwar wuraren gwaji ta taimaka wajen gano su, amma cutar ma ta ci gaba da yaɗuwa.

Daga baya abin ya lafa. Mutane suka ajiye takunkumi, aka koma biki da taro kamar da. Sai ga cutar ta sake tasowa a watan Disamba, 2020. A watan Janairu, 2021, an yi ranaku da yawa da aka sami fiye da mutum 1,000 a rana ɗaya. Allurar rigakafi ba ta iso Nijeriya ba sai ran 2 ga Maris, 2021. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ba ta janye matakin gaggawa a kan korona ba sai ran 5 ga Mayu, 2023, wato shekara uku bayan buɗe kasuwanni. A lissafin hukuma, fiye da mutum 3,000 cutar ta kashe a Nijeriya.

ME YA SA MUTANE SUKA RUƊU?

Dalili na farko shi ne, cutar ba ta nuna kanta nan take. Wanda ya kamu yakan yi kwana 2 zuwa 14 kafin ya ji ciwo. Kamar shuka ce. Ranar da aka binne iri ba a ganin komai a gona, sai bayan kwanaki tsiro ya fito. Haka nan, in aka yi cunkoso a kasuwa yau, ba za a ga sakamakonsa gobe ba. Mako na farko zai wuce lafiya, kowa ya ce ai ba komai. Sai a mako na biyu ko na uku a fara jin wane ya kwanta.

Dalili na biyu shi ne, wani yana ɗauke da cutar amma bai sani ba. Yana cin abinci, yana ciniki, yana dariya, alhali yana ba wasu.

A ɗauki misalin saurayi mai ƙarfi da ya kai buhun masara kasuwa. Ya shiga mota cike da mutane, an rufe tagogi. Ya yi musabaha da abokai, ya zauna a rumfar mai shayi. Da yamma ya koma gida ya shiga ɗakin mahaifinsa don ya ba shi labarin ciniki. Shi saurayin wataƙila ɗan zazzaɓi kawai zai yi ya warke. Amma tsohon, in yana da ciwon sukari ko hawan jini, abin yana iya kai shi asibiti. Korona ta fi yi wa tsofaffi da masu irin waɗannan cututtuka illa.

YADDA CUTAR TAKE YAƊUWA

Korona tana bin numfashi. In mai cutar ya yi tari ko atishawa, ko ya ɗaga murya wajen ciniki, ƙwayoyin cuta suna fita cikin iska. Ido ba ya ganinsu. Na kusa da shi sai ya shaƙa. Binciken likitoci ya nuna cewa haɗarin ya fi yawa a wuri mai cunkoso, wanda iska ba ta ratsa shi, kuma aka daɗe a ciki. Ke nan rumfar da take a fili ta fi ƙaramin kanti mai ƙofa ɗaya sauƙi. Hannu ma yana iya ɗaukar cutar ya kai ta hanci ko baki ko ido.

Alamominta su ne zazzaɓi, tari, kasala, sarƙewar numfashi, da daina jin ƙamshi ko ɗanɗano.

ABIN DA MAI ZUWA KASUWA ZAI YI

In an buɗe kasuwa alhali annoba irin wannan ba ta wuce ba, ga abin da ya kamata:

1. Mai zazzaɓi ko tari ya zauna a gida, ya aiki wani.
2. Tsoho da mai ciwon sukari ko hawan jini su bar wa matasa zuwa kasuwa.
3. A rubuta abin da za a saya tun daga gida. A nan karatun yaƙi da jahilci yake da rana. Mai takarda a hannu yana gama sayayya da wuri, ba ya yawo rumfa-rumfa.
4. A yi sammako kafin kasuwa ta cika.
5. A rufe hanci da baki da takunkumi. Takunkumin da aka saukar a haɓa ba ya tsare komai. In na yadi ne, a wanke shi kullum.
6. A bar tazara kamar kamu huɗu, wato mita 2, tsakanin mutum da mutum.
7. A yi sallama da baki, a jinkirta musabaha.
8. Da an koma gida a wanke hannu da sabulu sosai, ciki da baya da tsakanin yatsu, kafin a taɓa yara ko abinci.

AIKIN 'YAN KASUWA DA SHUGABANNI

Nauyin ba a kan mai saye kaɗai yake ba. Mai kanti ya ajiye ruwa da sabulu a bakin ƙofa, ya buɗe taga, kada ya bar mutane su cika ɗaki. Mai tuwo da mai shayi su wanke kwano da kofi da sabulu bayan kowane mutum, su baza benci a fili. Direba ya rage fasinja, ya sauke gilashi.

Sarkin kasuwa yana iya faɗaɗa layuka, ya raba wajen hatsi da wajen dabbobi, ya sa sanƙira ya riƙa tunatar da jama'a. Mai unguwa da dagaci da liman su ne jama'a suka fi saurara. In suka sa takunkumi, talakawa za su sa. In suka yi wasa da abin, kowa zai yi wasa da shi.

Wani ɗan kasuwa zai ce waɗannan matakai suna rage masa ciniki. To ya tuna cewa in cuta ta ƙaru, hukuma tana iya sake rufe kasuwar baki ɗaya. Kuɗin sabulu bai kai asarar wata guda a zaune ba.

TAKA-TSANTSAN DA TAWAKKALI

Wasu sukan ce ai cuta da lafiya duk na Allah ne. Haka ne. Amma malamai sun yi ta tunatarwa cewa Manzon Allah (SAW) ya hana shiga garin da ake annoba, ya kuma hana na ciki fita. Sayyidina Umar ma ya fasa shiga ƙasar Sham da ya ji ana annoba a can. A shekarar 2020 hukumomin Saudiyya ba su karɓi alhazai daga ƙasashen waje ba saboda wannan dalili. Ashe kiyayewa ba ta saɓa wa tawakkali ba.

DARASI DON GABA

Korona ta lafa, amma ba ita ce annoba ta ƙarshe ba. A 2021 amai da gudawa ya yi ɓarna a jihohin Arewa da dama. A 2023 mashaƙo ya addabi yara, musamman a Jihar Kano. Kowace cuta da hanyarta. Amai da gudawa yana bin ruwa da abinci marar tsabta. Mashaƙo da sanƙarau suna bin numfashi. Zazzaɓin Lassa kuwa ɓera ne yake kawo shi. Saboda haka in annoba ta zo, a je asibiti mafi kusa a tambayi ma'aikacin lafiya hanyar da take bi. In akwai allurar rigakafi, a je a karɓa, a kai yara.

Izinin buɗe kasuwa daga hukuma yake fitowa, a rana ɗaya. Cuta kuwa a hankali take janyewa. Mai hankali zai fita neman abinci, amma ba zai saki jiki ba sai ma'aikatan lafiya sun tabbatar cewa annoba ta wuce. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

SABABBIN KALMOMI

Annoba: cutar da take kama mutane da yawa a lokaci ɗaya.
Kulle: dokar hana fita daga gida.
Sassautawa: rage tsananin doka.
Takunkumi: ƙyallen rufe hanci da baki.
Tazara: filin da ake bari tsakanin mutum biyu.

TAMBAYOYI

1. A wace shekara korona ta shigo Nijeriya?
2. Me ya sa gwamnati ta buɗe kasuwanni alhali cutar ba ta tafi ba?
3. Kwana nawa mutum yake iya yi kafin ya ji alamar cutar?
4. Su wane ne korona ta fi yi wa illa?
5. A rubuta abu uku da mai kanti zai yi don kare masu saye.
6. A tattauna a aji: in aka yi annoba, wane gyara za a fara yi a kasuwar garin nan?