Harshen Ciniki: Sayen Motar Iyali

Gabatarwa

Ciniki fage ne da Bahaushe ke sarrafa harshe a cikinsa. Wannan darasi zai nazarce shi ta fuskar sayen motar iyali a yankin Ikara, Makarfi da Kudan, inda manomi kan daɗe yana tara kuɗin rake ko tumatir kafin ya mallaki mota.

Zaɓen Mota

Magidanci mai yawan iyali yakan nemi mota mai layin kujeru uku. A da, doguwar Fijo 504 ce ke biyan wannan buƙata, musamman bayan an fara harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975. Yanzu wasu sun karkata ga ƙananan jif irin Mitsubishi Outlander mai ɗaukar mutum 7, domin tsayinta ya dace da hanyoyin karkara da damina. Sai dai kujerun ƙarshe na yara ne, kuma suna rage wurin kaya. Haka nan, tun da aka janye tallafin fetur a 2023, shan mai ya zama babban abin lura.

Matakan Ciniki

Mai saye yakan nufi Zariya ko Kano tare da bakanikensa, domin ba a cinikin biri a sama. Idan ya taya, mai mota ya ce "albarka", sai dillali ya shiga tsakani har a sallama, sannan ya karɓi la'adarsa. Wanda ya biya ba tare da tantance takardun kwastan ba, ana iya ƙwace motar a hanya, gumin shekaru ya tafi a banza.

Jinga

1. Bayyana ma'anar tayi, albarka, sallamawa da la'ada.
2. Tsara gajeren wasan kwaikwayo na ciniki domin ɗaliban firamare.