Lambata Tana Cikin Wayarka

Ɗana,

Tun ranar sunan 'yar ƙanwarka wata magana taka take yi mini yawo a rai. Kuna zaune a zaure bayan la'asar, ku samari, kowa da waya a hannu, ana hirar labarin da aka ji cewa kamfanoni suna kwashe bayanan mutane. Wani ya ce ai wayar ma tana sauraren duk abin da ake faɗa a ɗaki, wani ya ce sharri ne kawai. Kai kuma sai ka ce, "To su kwasa mana, Baffa. Ni me nake da shi na ɓoyewa? Ba sata nake ba, ba siyasa nake ba." Ban tanka maka ba, domin taron suna ba wurin gyaran magana ba ne, kuma ba zan yi maka gyara a gaban abokanka ba.

Na yarda da kai, na san tarbiyyarka. Sai dai wayar nan da ke aljihunka ba kai kaɗai ne a cikinta ba. Lambata tana ciki, da ta mahaifiyarka. Akwai hoton sakamakon gwajin asibiti da gwaggonka ta turo maka don ka karanta mata, wanda ko 'ya'yanta ba ta nuna wa ba. Akwai katin ɗan ƙasa na ƙanenka da ya aiko ka cike masa fom. Na tabbata ba za a rasa saƙon muryar wani aboki da ya kwana yana gaya maka halin da aurensa yake ciki ba. Da ka ce su kwasa, har da mu ka ce a kwasa, kuma ba a tambaye mu ba.

Lokacin da aka fara tura ni koyarwa ƙauye, masu karatun boko a garin ba mu fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Ran kasuwa idan mota ta kawo wasiƙu, da yamma sai ka ga tsofaffi da matan aure sun aiko yara, wasu su zo da kansu bayan magariba. Mazajensu da 'ya'yansu suna Ikko, suna Fatakwal, suna barikin soja. Ba na manta wata dattijuwa da takan kawo wasiƙar ɗanta a ƙulle a gefen zane. Takan zauna a bakin ƙofa, ina karantawa a hasken fitilar ƙwai, ita kuma fuskata take kallo, ba takardar ba. Idan na gama sai ta karɓa ta ninke, ta ce, "Malam, ya tsaya nan." Nan yake tsayawa. Na san wanda ya ci bashi, na san wanda ya yi aure a kudu bai gaya wa uwargida ba, na san wanda yake tsare alhali an ce wa gari fatauci ya tafi. Shekara takwas na yi a garin nan, ba wanda ya ji ko ɗaya a bakina, domin tun muna yara ake gaya mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A yau kai ne mai karatun wasiƙar gidanmu, kuma abin da ke cikin wayarka ya ninka abin da na riƙe sau ɗari.

Abin da ya farkar da ni kan wannan al'amari ya faru shekarun baya kaɗan. Ina dawowa daga sallar asuba saƙo ya shigo mini daga lambar da ban sani ba. Na buɗe sai ga hoton wani yaro tela na unguwarmu, mai ladabi, wanda yake ɗinka mini kayan Sallah. An rubuta a ƙasa cewa ɓarawo ne, macuci, wai ni na tsaya masa ya ci bashi, in bai biya ba za a neme ni. Ban taɓa tsaya masa ba, ban ma san ya ci bashi ba. Kafin hantsi na gane liman ya samu saƙon, surukinsa ya samu, matan da suke kawo masa ɗinki sun samu. Naira dubu goma sha biyar ya ranta a wata manhajar bashi don ya sayi zare da shafi ana gab da Sallah, ya makara da biya kwana huɗu. Ya fi wata bai zo jam'i a masallacin unguwa ba. Da na je shagonsa, kansa na ƙasa ya ce mini, "Wallahi Baba ban ba su lambarka ba." Gaskiya ya faɗa a iya saninsa. Ranar da ya sauke manhajar ta nemi izinin ganin lambobin wayarsa da hotunansa, shi kuma hankalinsa na kan kuɗi, ya danna ya wuce. Dannawar nan ɗaya ita ta miƙa musu mu duka.

Ba shi kaɗai aka yi wa haka ba, abin ya yi yawa har hukuma ta shigo. A watan Agustan 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, NITDA, ta ci wani kamfanin bashin waya tarar naira miliyan 10 saboda irin wannan tozarci. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Ikko. Daga ƙarshen watan Mayun 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin bashi da ke kasuwarsa taɓa lambobi da hotunan mutane, a watan Yunin shekarar kuma aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya. Duk wannan abin godiya ne. Amma tarar da aka ci ba ta mayar wa telan nan mutuncinsa a idon surukinsa ba.

Kada ka ɗauka wannan halin ƙananan kamfanoni ne na gida. Ka tuna badaƙalar Cambridge Analytica da ta fito fili a watan Maris na 2018. Wani malamin jami'ar Kambirij a Ingila, Aleksandr Kogan, ya ƙirƙiri wata 'yar manhaja a Facebook mai yi wa mutum tambayoyi wai don a gane halinsa. Mutum kusan 270,000 suka shiga suka amsa. A lokacin tsarin Facebook ya ba manhaja damar ɗaukar bayanan wanda ya shiga, har da na abokansa. Daga baya Facebook da kansa ya ce waɗanda abin ya shafa za su iya kaiwa miliyan 87. Yi lissafin da kanka: kowane mutum ɗaya da ya danna ya ja mutum sama da ɗari uku waɗanda ba su taɓa ganin manhajar ba, aka sayar da bayanan da yawansu ga kamfanin Cambridge Analytica mai aikin kamfen ɗin siyasa. A 2019 hukumar kasuwanci ta Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5. Ni abin da ya tsaya mini shi ne waɗancan 270,000 ɗin. Ba mugaye ba ne. Na tabbata da an tambaye su, da yawansu maganarka za su faɗa, cewa ba su da abin ɓoyewa.

Akwai wanda ya fi wannan taɓa ni, domin ya shafi jini. A Amurka akwai kamfanin da ake kira 23andMe. Mutum ya tofa yawu a 'yar kwalba ya aika musu, su auna ƙwayoyin halittarsa, su gaya masa daga ina kakanninsa suka fito da cututtukan da zai iya gada, har su haɗa shi da dangin da bai sani ba. A 2023 ɓarayin intanet suka shiga asusun mutum kusan 14,000, ta hanyar gwada kalmomin sirrin da mutanen suka taɓa amfani da su a wasu wurare aka sace. Da yake kowane asusu yana haɗe da na dangi, sai da suka kai ga bayanan mutum kusan miliyan 6.9. Kalmar sirri ana canza ta cikin minti ɗaya, jini kuwa ba a canza shi, kuma naka na 'ya'yanka ne da na 'yan'uwanka. A watan Maris na 2025 kamfanin ya shiga kotu ya ce ya karye, mutane suka shiga tambayar hannun wa yawunsu zai faɗa.

Ba ina kushe ilimi ba ne, ka san ni. Irin wannan aunon ne ya sa a 2018 aka kama wani tsohon ɗan sanda a Kalifoniya, Joseph DeAngelo, wanda ya yi kisa da fyaɗe shekara arba'in da suka wuce ya ɓace. Shi bai taɓa aika yawunsa ko'ina ba, danginsa na nesa suka saka nasu a wani rumbu, masu bincike suka bi salsala har ƙofar gidansa. Na yi murna da aka kama shi. Sai dai ka lura hanyar ɗaya ce: abin da ɗan'uwa ya bayar, shi ya kai ga ɗan'uwa. Ranar nan ta faɗa hannun masu gaskiya, wata rana kuma ta faɗa hannun masu turo mini saƙo da asuba.

Shi ya sa gardamar da kuke yi a zaure, ko waya tana saurare ko ba ta saurare, ban ga ta kama inda ciwon yake ba. Abin da muke miƙa mata da hannunmu ya ishe ta. Ta san inda ka kwana da inda ka wuni, ta san wa ka fi kira, ta san abin da ka nema da tsakar dare. Ko Truecaller da kuke jin daɗinta don tana nuna sunan mai kira, ka taɓa tambayar kanka ina ta samo sunan tsohuwar da ba ta taɓa shiga intanet ba? Da yawan sunayen daga wayoyin masu amfani da ita suka fito, yadda wani ya ga dama ya ajiye wani. Kuma duk manhajar da aka ce kyauta ce, ka tuna banza ba ta kai zomo kasuwa.

Addininmu ya hana bin diddigin sirrin mutane, Suratul Hujurati ta yi magana a kai, kuma kun karanta a islamiyya. Mun saba ɗaukar hanin a kan mai leƙe da mai kasa kunne a bayan danga. Ni a ganina wanda aka ba amana ya bar ƙofa buɗe ga mai leƙen, shi ma yana da tambayar da zai amsa.

Ban ce ka jefar da waya ba. Da ita kake neman abinci, ni ma da ita nake jin muryar jikokina. Abin da nake roƙonka kaɗan ne. Idan manhaja ta nemi izini, ka dakata ka karanta, ka tambayi kanka me ya haɗa ta da abin da take nema. Taswira tana da hujjar sanin inda kake. Tocila ko wasan ƙwallo kuwa me za su yi da lambar mahaifiyarka? Ka shiga saitin wayar ka duba waɗanda ka riga ka ba izini, za ka sha mamaki, kuma janyewa ba ta da wuya. Kalmar sirri ɗaya kada ta zama mabuɗin banki da imel da Facebook gaba ɗaya. Lambar nan shida da WhatsApp ke turowa kada ka karanta wa kowa, ko da ya ce daga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai yake, don da zarar an ƙwace asusunka mu za a bi da sunanka ana roƙon kuɗi. In za ka kai waya gyara kasuwar waya ta Farm Centre ko ka sayar da ita, ka fara kwashe abin mutane.

Sai maganar hoto, wadda ita ce ta fi yi mini nauyin faɗa. Ranar sunan nan na ga kana ɗaukar bidiyo a tsakar gida, mata suna aikin tuwo, wasu ba mayafi, wata tana ba yaro nono a gindin bishiya. Sun saki jiki ne don kai ɗan gida ne. Da dare na gan shi a status ɗinka. Na san farin ciki ne ya sa ka, ba wani abu ba. Amma mutum nawa ne suke da lambarka? Abokan makaranta, abokan ciniki, mai gyaran babur, wanda kuka haɗu sau ɗaya a mota. Ka shigo da su duka tsakar gidan da ko ni sai na yi sallama sau biyu nake shiga. Status yana gogewa bayan awa 24, wanda ya ajiye a wayarsa kuwa ya ajiye ke nan, magana zarar bunu ce. Da ka ce, "Inna, in saka?" da ka ji amsa, kuma da wuya ta zama e. Ban gaya wa mahaifiyarka ba, kuma ba zan gaya mata ba. Na fi so kai ka je ka same ta.

Telan nan ya biya bashinsa tuni, ya dawo sahu, har yanzu shi yake mini ɗinki. Sai dai na lura ya koma ƙaramar waya mai madannai, kuma in na shiga shagon har yau ba ya iya haɗa ido da ni sosai, a kan laifin da ba shi ya yi mini ba.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu ka biyo ta gida bayan azahar, ka zo da wayar. Mu zauna a zaure mu bi ta tare, ka nuna mini yadda ake janye izinin a tawa ni ma, don idona ba ya ganin ƙananan rubutun nan. Kafin nan ka nemo hoton takardar fanshona da na turo maka bara, mai lambar asusuna a jiki. An gama aikinta, ka goge.

Ka gaida mutan gidan. Allah ya yi maka albarka.

Baffanka