Filin Uwargida: Ƙaramin Kek na Zukini da Kwaka

Da yawa daga cikinmu na kukan yara ba sa cin ganye: a zuba musu a miya su tsince, sai biskit da alawa kullum a jakar makaranta. Darasinmu na yau dabara ce ta shigar musu da kayan lambu cikin abin da suke so, wato ƙaramin kek ɗin nan da Turawa ke kira mafin, wanda ya fi yawa a gidajen Amurka. Ya bambanta da kek ɗin biki, don sukarinsa kaɗan ne, kuma ba a buga shi.

Zukini ɗan gidan su kabewa ne. A ido ya yi kama da kokwamba, amma dafa shi ake yi. Asalin danginsa daga nahiyar Amurka ne, a ƙasar Italiya kuma aka fitar da wannan nau'in. Ana samun sa wurin masu kayan lambun da ake kawowa daga Jos. Idan ba ki samu ba, karas ko kabewa za su tsaya a madadinsa. Kabewa ma dai abar so ce, domin ya zo a Sahihul Bukhari cewa Anas (RA) ya ga Manzon Allah (SAW) yana bin yankan kabewa a cikin akushi, tun daga ranar shi ma ya kamu da son ta.

Shi kuwa kwaka, wato hatsin nan da muka fi sani da sunan Quaker Oats, yana da wani irin harza mai narkewa a ruwa, wanda ke sa abinci ya jima a ciki, yana kuma taimakawa wajen rage kitsen jini. Shi ya sa wannan kek ke riƙe yaro har a tashi makaranta, ya kuma dace da sahur.

Kayan haɗi (na guda 12)

Fulawa kofi 1 da rabi
Kwaka kofi 1
Gogaggen zukini kofi 1 da rabi
Sukari rabin kofi
Madara ta ruwa kashi uku cikin huɗu na kofi
Man gyaɗa sulusin kofi
Ƙwai 2
Bekin hoda ƙaramin cokali 2
Garin kirfa ƙaramin cokali 1
Gishiri rabin ƙaramin cokali

Yadda za ki haɗa

Ki fara da bismillah, ki wanke zukinin, ki yanke kai da gindi. Kafin ki goge, ki ɗan gutsiri kaɗan ki ɗanɗana. Idan kika ji ɗaci mai tsanani irin na duma, ki zubar da shi gaba ɗaya, kada ki ji asara. Wannan ɗacin guba ce da kan fito jefi-jefi a dangin kabewa, wuta ba ta kashe ta, tana kuma jawo amai da gudawa. Mai kyau ba ya da ɗaci.

Sai ki goge shi da bayansa a abin goga kuɓewa. To a nan fa aikin yake, uwargida. Zukini kusan kashi 95 cikin 100 ɗinsa ruwa ne. Idan kika juye shi haka nan, kek ɗin zai fito da kyau a waje, ciki kuwa ya yi caɓal kamar bai gasu ba. Ki zuba shi a tsabtataccen ƙyalle ki matse da hannu har ruwan ya daina tsiyaya. Karas ba ya bukatar matsa.

Ki jiƙa kwakar a cikin madara minti 10 don ta yi laushi, sannan ki fasa ƙwai a kai, ki zuba mai da sukari da zukinin, ki juya. A wata roba daban ki tankaɗe fulawa da bekin hoda da kirfa da gishiri. Yanzu sai ki juye mai ruwan a kan garin, ki juya da cokali a hankali. Da zarar kin daina ganin farin gari, ki tsaya, ko da akwai 'yan gudaji. Mun saba buga ƙullun fanke har ya yi danƙo, amma a nan yawan bugu shi ke sa kek ya yi tauri kamar roba.

Ki shafa mai a gwangwanaye, ki zuba kwaɓin kada ya cika, ki bar masa wurin tashi. Obin ya riga ya yi zafi, ma'auni 190, ki gasa minti 20 zuwa 25. Wadda ba ta da obin, ta zuba yashi mai tsabta a babbar tukunya, ta bari ya ɗau zafi, ta jera gwangwanayen, ta rufe, ta ɗora garwashi kaɗan a kan murfin. Ki soka tsinken sakace a tsakiya, idan ya fito a bushe ya gasu. Ki bar shi minti 5 kafin ki cire.

Abin lura

Saboda danshinsa, wannan kek ba ya jimawa a zafin garinmu. Kwana biyu ne a waje. Abin da ya rage ki sa a firji, ko ki miƙa wa maƙwabta ki samu lada, domin Allah ba ya son almubazzaranci. Kuma kada a ɗauke shi magani: akwai fulawa da sukari a ciki, don haka mai ciwon sukari ta bi shawarar likitanta.

A ci daɗi lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba da yardar Allah. Wassalam.