Iyaka da Bauta a Ƙasar Gobir, Tare da Waiwayen Tarihin Amurka

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa sauraron waƙoƙin fada na Makaɗa Ibrahim Narambaɗa ya san da zaman Sarkin Gobir na Isa. To amma idan mutum ya bar Isa ya yi arewa ya isa Sabon Birni, sai ya tarar da wani Sarkin Gobir ɗin, idan kuwa ya ƙetare ya shiga Jamhuriyar Nijar, ga wani can a Tsibiri kusa da Maraɗi. Wannan rarrabuwa ta sarauta guda ba haka kawai ta auku ba. Tabo ne na shekaru kusan ɗari da yankin ya yi yana bakin daga, tsakanin Daular Sakkwato da Gobirawan da suka ƙi yi mata mubaya'a. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba wata tambaya da zaman iyakar nan ya yi ta tayarwa, watau wane ne ya halatta a kama a bautar, wane ne kuma ɗa wanda ba a taɓawa. Za a waiwayi tarihin Amurka na wannan zamani, ba don ƙasashen biyu ɗaya suke ba, sai don ita ma sabuwar ƙasa ce da ta yi ta faɗaɗa iyakarta tana goye da wannan tambaya ba ta warware ta ba.

Mafarin Gardama

Tun kafin Jihadi malamai sun san hukuncin. A shekarar 1615 Malam Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta amsa ga wasu masu tambaya daga arewacin Sahara, ya bayyana musu cewa baƙar fata ba ta halatta bautar da mutum, kafirci ne kaɗai dalili, kuma ya ambaci ƙasashen da mutanensu Musulmi ne, waɗanda ba a mallaka, har da Kano da Katsina da Barno da Gobir. Hukuncin ya fita sarai a takarda. Wahalar ita ce, a fagen fama ba malami ke riƙe da igiya ba, kuma sarakunan Hausa na ƙarni na 18 sun yi ta yaƙar juna suna kwasar ganima, ba tare da tsayawa binciken addinin wanda aka kama ba. Gobir kanta da yaƙi ta sauko kwarin Gulbin Rima, ta ci Birnin Zamfara a zamanin Sarki Babari, ta kafa Alƙalawa.

Wannan na daga cikin abubuwan da Jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka yi kuka da su. Sakin fursunoni yana cikin buƙatun da Shehu ya gabatar wa Bawa Jan Gwarzo a taron Idi na Magami, Bawa kuwa ya amince. Daɗin daɗawa, abin da ya fasa ƙwan baki ɗaya ma zancen kamammu ne. A ƙarshen 1803 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta faɗa wa Gimbana, garin Malam Abdussalami, almajirin Shehu, ta kwaso mutanensa a ɗaure. Da aka biyo da su ta kusa da Ɗegel, sai Jama'a suka tare hanya suka kwance su. Daga nan ba a sake zama inuwa ɗaya ba: aka yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu 1804, aka gwabza a Tafkin Kwatto a watan Yuni, Alƙalawa kuma ta faɗi a 1808, aka kashe Yunfa.

Ke nan ana iya cewa an haifi daular ne a kan kare 'yancin Musulmi daga bauta. Amma fa ya kamata a lura, ba bautar kanta aka yi wa tawaye ba, bautar da wanda bai cancanta ba ita ce abin ƙi. A cikin Wasiƙar Mutanen Sudan, Shehu ya haramta bautar da 'yantaccen Musulmi ko a ina yake zaune. Da ya zo kan waɗanda aka yanke wa hukuncin ridda kuwa, sai ya nuna cewa malamai sun saɓa, kuma ra'ayin da ya fi shahara shi ne hani. Wannan 'yar ƙofa ta saɓani ita ce ta zama babbar hanya. Tun da an ɗauka hukuncin ƙasa hukuncin sarkinta ne, kuma mai taimakon kafiri a kan Musulmi ya bi sahunsa, to, ina matsayin talakan Gobir mai salla da azumi, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, sai dai garinsu yana bin Sarkin Gobir?

Ba maƙiya kaɗai suka yi wannan tambaya ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu, ya bar runduna a 1807 ya nufi gabas har Kano saboda ɓacin rai, kuma cikin laifuffukan da ya jera wa wasu 'yan'uwansa mayaƙa a Tazyinul Waraƙati akwai tara ƙwaraƙwarai da sayar da 'ya'ya a kasuwa. Shehu Muhammadul Amin Alkanemi na Barno ya ƙalubalanci Muhammadu Bello a rubuce kan dalilin yaƙar mutanen Barno da bautar da su alhali suna salla, Bello kuma ya kawo wasiƙun da amsoshinsa a Infaƙul Maisuri. Abin da ya fi ban tausayi shi ne ƙarshen Abdussalami. Mutumin da aka fara yaƙi saboda kwance mutanensa, shi ne ya yi tawaye a Kware bayan rasuwar Shehu a 1817, yana kukan zalunci da ƙarancin rabonsa, aka yanke masa hukuncin ridda, aka ci garinsa a farkon 1818, ya tsere da rauni ya rasu a Bakura.

Waiwaye Zuwa Amurka

A daidai waɗannan shekaru Amurka tana fama da irin nata. Ta yi shelar 'yancin kai daga Ingila a 1776 bisa da'awar cewa duk mutane daidai aka halicce su, amma tsarin mulkinta na 1787 ya ƙyale bauta, har ya yarda a ƙidaya bayi biyar a matsayin mutum uku wajen rabon kujerun majalisa. Da ƙasar ta tsaya a gaɓar teku, wataƙila da an daɗe ana rufa-rufa. Sai ga shi a 1803 ta sayi yankin Luwiziyana daga Faransa a kan dala miliyan 15, faɗinta ya kusa ninkawa, kuma auduga tana neman sabuwar ƙasa da hannuwan da za su tsince ta. Duk sabuwar jihar da za a yanka a yamma, sai an sake tambaya: ta bayi ce ko ta 'ya'ya? A 1820 aka yi sulhun Misuri, aka ja layi a taswira, aka hana bauta arewa da shi in ban da ita Misurin. Yaƙi da Meziko daga 1846 zuwa 1848 ya ƙaro ƙasa, ya ƙaro gardama. A 1854 aka rushe layin, a 1857 kotun ƙoli ta yanke wa wani bawa mai suna Dred Scott hukuncin cewa zamansa a yankin da babu bauta bai 'yanta shi ba. Yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, bai ƙare ba sai 1865, shekarar da aka soke bauta. 'Yan asalin ƙasar kuwa, waɗanda ake cin iyakar a kan gonakinsu, tun 1830 aka yi dokar kwashe su zuwa yammacin Kogin Misisifi.

Bambancin a fili yake. A Amurka launin fata ne ma'auni, kuma an sami ɓangaren da ya ce bautar kanta haramun ce, ya yi yaƙi a kan haka. A nan kuwa, daga Sakkwato har Tsibiri, babu ɓangaren da ya nemi a soke ta. Ko alkawarin da Bello ya yi wa Baturen nan Clapperton a 1824, na hana fitar da bayi zuwa bakin teku, bai shafi bautar cikin gida ba. Inda suka yi kama shi ne, a duka biyun bakin iyaka ne wurin da ake sake buɗe maganar da aka kasa rufewa a tsakiya.

Ribaɗi da Sabon Birni

Faɗuwar Alƙalawa ba ta kashe Gobir ba. Sarkin Gobir Ali ɗan Yakubu ya yi zaman amana da Sakkwato na wani lokaci, sa'an nan ya warware, ya haɗa kai da Katsinawan Maraɗi da wasu Azbinawa. Bello ya fita da kansa ya karya su a Gawakuke a 1836, Ali da Sarkin Katsina Rauda suka kwanta dama. Waɗanda suka saura suka bi Mayaƙi ɗan Yakubu suka kafa Tsibiri, suka ci gaba da hari. Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ya rasu a 1842 a kan hanyarsa ta komowa daga yaƙin Tsibiri. Irin tsoron da ke yankin ana ganinsa a labarin matafiya: Clapperton a 1824 da Barth a 1853 duk sun ratsa dajin Gundumi ne da tafiyar dare da rana ba hutawa, don gudun mahara.

Dabarar da Bello ya ɓullo da ita ita ce ribaɗi, watau gari mai ganuwa a bakin iyaka, inda ake zaunar da mayaƙa da malamai da manoma, a ɗora musu wani ɗan gidan sarauta. Shi kansa ya tare a Wurno, inda ya rasu a 1837. Isa tana cikin irin waɗannan garuruwa, kuma zuriyar Bello ce ta riƙe ta da sarautar Sarkin Gobir, abin da yake nuna da'awar Sakkwato cewa Gobir ta gaskiya tana hannunta. Ribaɗi kuwa ba ya tsayuwa sai da hannuwa. Ana bukatar masu gina ganuwa da masu noma gandu da masu riƙon baka, kuma da yawa daga cikinsu bayi ne da aka zaunar. Saboda haka garin da aka kafa don kare Musulmi daga kamu, shi kansa da kamammu yake rayuwa, kamar yadda sababbin jihohin auduga na Amurka suka rayu.

Labarin Sabon Birni shi ya fi fito da matsalar fili. A zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku, wanda ya yi mulki daga 1859 zuwa 1866, wani ɗan sarautar Gobir mai riƙe da sarautar Ɗan Halima ya ɓata da danginsa na Tsibiri, ya nemi amana, aka ba shi izini ya kafa gari a kwarin Rima, ba nisa da kufan Alƙalawa. Nufin Sakkwato shi ne Bagobiri ya tare mata Bagobiri. Ba a daɗe ba garin ya juya baya ya zama sansanin hari, har Sarkin Musulmi Mu'azu, da Umaru ɗan Aliyu Babba wanda ya gaje shi a 1881, kowannensu ya kai masa yaƙi. A duba halin manomin da ke cikin wannan ganuwa. Shekarar da sarkinsa yake cikin amana, shi ɗa ne, jininsa da dukiyarsa haramun ne. Shekarar da sarkin ya warware, ya zama abin ganima, alhali bai sauya alƙibla ba, bai ma sauya gona ba. Haka kuma manomin ƙasar Isa yake a idon maharan Tsibiri. Bawan Amurka yana iya sa ran 'yanci in ya ƙetare layi, ko da yake dokar kama gudaddun bayi ta 1850 ta rage wannan fata. A Gobir kuwa layin ne yake ƙetare mutum yana zaune a ƙofar ɗakinsa.

Harshen Hausa ya adana sawun wannan zamani. Kalmar 'yanci daga 'ya'ya ta fito, kamar yadda ɗiyauci na karin harshen yamma ya fito daga ɗiya, watau mai 'yanci shi ne wanda ake lissafawa ɗa a gida. Akwai bacucane, wanda aka haifa cikin bauta, da murgu, kuɗin da bawa ke biyan ubangijinsa don ya yi aikin kansa, da fansa, wadda dangi ke biya su karɓo nasu. Mutanen Sabon Birni da Isa ba sa bukatar ƙamus don sanin wannan kalma ta ƙarshe, domin 'yan bindiga masu satar mutane sun dawo da ita bakin kowa, har ta kai a 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasa ransa a hannunsu. Ba a ce wannan ci gaban wancan ba ne, dalilansu daban ne, amma dazuzzukan ba su sauya wuri ba.

Zuwan Turawa

Masana tarihi Lovejoy da Hogendorn sun ƙiyasta bayin Daular Sakkwato a wajen 1900 tsakanin miliyan 1 da miliyan 2 da rabi, Amurka kuwa tana da kusan miliyan 4 a ƙidayar 1860. Amurka da yaƙi ta yanke tata. A nan baƙo ne ya zo ya yanke, shi ma a hankali, don gudun ɓata wa sarakunan da yake son ya yi mulki ta hannunsu. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta hana kamu da ciniki, ta ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar ɗa ne, amma ba ta saki waɗanda ke hannu ba, sai dai su fanshi kansu a gaban alƙali. Sakkwato ta faɗi a watan Maris 1903, ba a kuwa soke bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936. Iyakar da Ingila da Faransa suka daidaita a kai a 1904 da 1906 ta bar Tsibiri a hannun Faransa, Sabon Birni da Isa kuma a lardin Sakkwato, kowanne da Sarkin Gobir nasa. A ɗaya gefen layin, sai a 2003 Jamhuriyar Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuffukan da dokarta ke hukuntawa.