Nehemiya a Gaban Maigidansa

Karatu: Nehemiya 2:1-18

Tun 1996, sa'ad da Lafiya ta zama babban birnin Jihar Nasarawa, waɗansu 'yan'uwa na Akurba suna neman abincinsu a ofis. Wani yakan ga gyaran da ya kamata a yi, amma in ya tsaya gaban shugaba sai bakinsa ya mutu.

Nehemiya ma ma'aikaci ne, mai shayar da Sarki Artashate. Ku lura, ya yi wajen wata huɗu yana addu'a kafin ya buɗe baki. Ya ji tsoro ƙwarai, gama ɓata fuska a gaban sarkin Farisa ba abin wasa ba ne. Amma da aka tambaye shi, amsa tana nan a shirye: ya yanka lokacin komowarsa, ya roƙi wasiƙu zuwa ga masu mulkin hanya, da katako daga wurin Asaf mai tsaron kurmi.

Da ya isa Urushalima kuma bai tara jama'a ba sai da ya zaga garun da dare, ya gani da idonsa. Sa'an nan ya sa kansa cikin kunyar, bai ɗora wa kowa laifi ba.

Tambaya: Wace magana ce ba ka kai wa shugabanka ba tukuna? In ya tambaye ka bukatarka gobe, me ka shirya?