Lahanu a Allon Kanti

  

A darasin tajwidi mun karanta cewa lahanu iri biyu ne. Akwai jaliyyi, wato sauya harafi ko wasali, wanda sau da yawa yake juya ma'ana. Akwai kuma hafiyyi, kamar barin gunna, wanda yake rage kyawun karatu amma ma'ana tana nan daram. Allon kanti ba Alƙur'ani ba ne, mun sani. Amma mun ari wannan ma'auni, mu 'yan ajin ƙarshe, muka bi shagunan kayan masarufi daga Zango zuwa kasuwar Dole muna karanta abin da aka rubuta a ƙofofinsu.

Abin da ya fi yawa shi ne Hausa da haruffan Faransanci: "chinkafa", "soukari", "man guiada". Da farko mun yi ta dariya. Daga baya muka tambayi kanmu, wa ya taɓa zuwa sayen shinkafa ya koma gida da gero don an rubuta ch? Babu. Mai fenti ya rubuta yadda aka koya masa a lakwal, mai saye kuma ya gane. Haka "kwai" maimakon "ƙwai". Waɗannan mun sa su cikin hafiyyi, gyara ya fi, amma ba su cuci kowa ba.

Na biyu ya fi nauyi. Mun ga kwali an rubuta "Sukari 150" babu komai a bayan lambar. To mu nan dala muke lissafi da baki, sefa muke rubutawa, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Mai kanti dala 150 yake nufi, wato sefa 750. Yaron da aka aika zai karanta sefa 150, dala talatin ke nan, ya je gida ya faɗa, uwa ta ce ya ci kuɗinta ko mai kanti ya yi ha'inci. Harafi guda, F, ko kalmar "dala", da ta raba gardamar. Ciniki kuwa sai farashi ya zama sananne ga mai saye da mai sayarwa, kamar yadda muka karanta a babin ciniki.

Wanda ya tsayar da mu da gaske na Larabci ne. Wani kanti an rubuta "in sha Allah" a samansa da babban rubutu, amma an haɗe "in" da "sha'a" sun zama kalma guda. Kalmomin uku ne: in, sha'a, Allah, ma'ana idan Allah ya so. Da an haɗe biyun farko sai su koma "insha'", kalmar nan da muke kiran darasin ƙago rubutu da ita, ma'anarta ƙirƙira. Ku duba abin da aka jingina ga sunan Allah ba da nufi ba! An ruwaito cewa 'yar Abul Aswad Addu'ali ta so yin mamakin kyawun sama, ta sa rufu'a a wurin fataha, maganar ta koma tambaya, uban ya amsa mata da taurari. Irin wannan na cikin abin da aka ce ya sa shi aza harsashin nahawu.

Malam ya hana mu ɗaukar hoto mu yaɗa. Ya ce mu je mu biyu kawai, lokacin da babu masu saye. Muka gaisa, muka ce, "Baba, don Allah akwai wata 'yar magana a allonku." Ya saurara har muka gama, ya ce shi bai yi nisa a karatu ba, jikka biyar ya biya mai fenti, kuma shekara huɗu malamai na wucewa ba wanda ya tanka masa. Wannan maganar ta ba mu kunya, don mu ma kullum ta nan muke bi.

Ranar Alhamis muka koma da ɗan gwangwanin fenti muka raba kalmomin. "Chinkafa" kam ya ce mu bar masa ita, haka masu sayensa suka saba gani.