Yadda Ake Zaɓen Janareto da Aiki da Shi Lafiya a Daminar Damare

Ruwan farko a Damare ba ya zuwa salin-alin. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni, hadari kan haɗo daga gabas bayan la'asar, iska ta riga shi isowa da ƙura, ta yaye kwanon rufi, ta karya rassan darbejiya a kan wayoyi, wani lokacin ta kwantar da falwaya. Kafin ɗigon farko ya sauka an ɗauke wuta. Idan ɓarnar ta tsaya a unguwa, sai a jira ma'aikatan kamfanin wuta na YEDC su zo su gyara. Idan kuwa babban layin da ke kawo wa Yola wuta ta Gombe ne ya samu matsala, jiran ya yi tsawo, kamar a 2024 da aka lalata turakun layin Jos zuwa Gombe aka shafe makonni cikin duhu. Shi ya sa a wannan lokaci magidanta ke nufar kasuwar Jimeta neman janareto.

Shawarata ga mai wannan niyya ita ce kada ya fara da kasuwa. Ya fara da tsakar gidansa, ya samar wa injin wurin zama tun bai saye shi ba. Galibin gidajen da hayaƙin janareto ya halaka, ba lalacewa injin ya yi ba. Ruwa ne ya sauko, maigida ya ji tsoron kada injin ya jiƙe ko ɓarawo ya ɗauke, ya jawo shi zaure ko baranda, aka rufe ƙofa aka kwanta. Wanda ya riga ya tanadi rumfa da sarƙa ba zai kai ga wannan ba.

Wurin da ya dace fili ne mai iska, aƙalla mita 6 daga ƙofa da tagar kowane ɗaki, har da tagar maƙwabci idan katanga ɗaya ta raba ku. A ɗaga dandamali da bulo da siminti, ya ɗara ƙasa da kamu biyu ko fiye, domin Damare na gaɓar Binuwai, kuma wanda ya ga ambaliyar 2012 da ta 2022 ya san yadda ruwa ke kwanciya a tsakar gida. A sama a yi rufin kwano mai fiffike, a ɗaure shi da kyau yadda iska ba za ta ɗauke shi ba. Gefuna kuwa a bar su a buɗe, a sa raga ta ƙarfe irin wadda masu walda ke yi, da ƙofa da kwaɗo. A binne zoben ƙarfe a cikin simintin don sarƙa. Bakin salansa ya kalli waje, ba ɗaki ba. Idan gidan haya ne mai ɗakuna jere da ƴar tsakar gida, to a zauna da sauran ƴan haya a fitar da wuri ɗaya. Idan ba a samu wurin ba, gara fitila mai caji da ƙaramin sola a kan inji.

Bayan wuri sai lissafi. Ɗauki takarda ka zagaya gidan ka rubuta abin da lalle sai an kunna, ba duk abin da ke da waya ba. Kowane kayan wuta yana da rubutun wat ɗinsa a baya ko a ƙasa. Ƙwan fitila na zamani wat 10 ne ko kusa da haka, goma sun zama 100. Fankar sama kamar wat 70, huɗu sun zama 280. Talabijin da dikoda ka ba su 120, cajin wayoyi 50, firji 150. Jimla wat 700. Amma firji yana da hali: a daidai lokacin da injinsa zai tashi yakan ja ninki uku ko huɗu na abin da yake ci, na ƴan daƙiƙu. Don haka ka lissafa masa 600, jimlar ta koma 1,150. Ƙara rubu'i a kai, saboda inji ba ya son a cika masa kaya, kuma zafin Yola da ke haura digiri 40 a bazara yana rage masa ƙarfi. Irin wannan gida mai 2 kVA ya wadace shi. Mai rijiyar burtsatse lissafinsa daban ne: famfo mai ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne, yana kuma ninkawa wajen tashi, sai mai 3 kVA zuwa sama, kuma a kashe firji kafin a ja ruwa. Dutsen guga da abin dafa ruwa kowanne ya kai wat 1,000 ko fiye. A bar su sai an kawo wuta.

Yanzu ka shiga kasuwa. Za ka ga Sumec Firman, Elepaq, Lutian, Thermocool, da Honda ga mai hali. Za ka kuma ga jabun kowannensu, fenti iri ɗaya, suna ya bambanta da harafi guda. Manyan lambobin da ke jikin tanki ba su ne abin dubawa ba. Nemi ɗan allon da ke gefen injin, inda aka rubuta ƙarfi biyu: wanda yake iya riƙewa na sa'o'i, da wanda yake kaiwa na ɗan lokaci. Na farkon shi ne naka. Mai shago zai ce maka, "Alhaji, wannan har firiza biyu yana ɗauka." Ka ce, "To Malam, a zuba mai a tayar, a jona masa dutsen guga mu ji." Inji mai gaskiya zai ɗan nisa ya koma daidai. Na ƙarya zai yi ta kakari, fitila ta dushe. Tambayi ko koyil ɗinsa jan ƙarfe ne ko alminiyam. Na jan ƙarfe ya fi nauyi, ya fi tsada, ya fi jure zafi. Tabbatar yana da AVR, abin da ke daidaita wutar kada ta ƙona talabijin, da na'urar da ke kashe shi idan baƙin mai ya yi ƙasa. Ka kuma tambayi makanikin unguwarku wane iri ne ake samun kayan gyaransa a Jimeta ba sai an aika Kano ko Onica ba. Karɓi rasit mai lambar injin.

Shi kuwa ɗan ƙaramin Tiger da ake gauraya masa baƙin mai da fetur, fitilu da fanka ɗaya ko biyu kawai yake iyawa. Ƙanƙantarsa ce haɗarinsa, domin hannu ɗaya ke ɗaukarsa zuwa cikin ɗaki, ga shi ya fi manyan hayaƙi.

Kada ka manta da kuɗin ciyar da shi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, fetur ya zama babban lissafi, kuma inji mai 2.5 kVA yakan sha kusan lita guda a awa. Wanda ya sayi inji fiye da buƙatarsa, kullum yana ƙona mai a banza.

Haɗa shi da gida aikin mai lantarki ne, ba na yaron gida mai ƙoƙari ba. A sa canjoba, makunnin da ke raba wutar YEDC da ta inji yadda ba za su taɓa haɗuwa ba. Akwai wata ɗabi'a da nake roƙon a daina: yin waya mai kai biyu, a soka ɗaya a inji, ɗaya a soket ɗin bango. Wutar ba ta tsayawa a gidanka. Tana bin layi ta koma taransifoma, ita kuma ta ɗaga ta zuwa dubban bolt. Washegarin guguwa shi ne ranar da ma'aikata ke kan falwaya suna ɗaure wayar da suka tabbatar babu wuta a jikinta, kuma yara na wasa kusa da wadda ta faɗo. Injin gida ɗaya ya isa ya kashe su. Mai lantarkin ya sa waya mai kauri daga inji zuwa canjoba, ba mai ɗaure-ɗaure da leda ba, ya kuma kafa sandar ƙarfe a ƙasa ya ɗaure jikin injin da ita.

Ranar da hadari ya taso, fara cire talabijin, dikoda da firji daga soket saboda tsawa. Kada ka fita tayar da inji iska na kaɗawa, kwano na yawo a sama. Jira ta lafa. Fita da tocila, da takalmin roba, hannunka a bushe, ka duba ko waya ta faɗo ko ruwa ya shiga rumfar. Idan injin ya jiƙe, bar shi sai ya bushe. Idan lafiya, duba baƙin mai da sandar awo, buɗe famfon fetur, ja cok, kunna makunni, ja igiya. Ya tashi, mayar da cok, ba shi minti biyu ko uku ya yi ɗumi ba kaya. Sannan ka juya canjoba, ka kunna kaya ɗaya bayan ɗaya, firji a farko. Wajen kashewa ka bi ta baya: kashe kaya, juya canjoba, sannan injin.

Fetur a jarka mai murfi, a inuwa, nesa da murhu da ɗakin kwana. Ba a ƙara mai inji na aiki, ba a ƙarawa yana da zafi. A kashe, a ba shi kamar kwatar awa ya huce, a zuba da mazurari a hasken tocila, ba kyandir ko aci-balbal ba. Man ƴan bumburutu kuwa a duba shi a kwalba tukuna, don ruwa ko kananzir a ciki kafireta ce ke biya.

Abin da ya fi wuta da fetur kisa shi ne wanda ba a gani. A cikin hayaƙin inji akwai iskar kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. Tana manne wa jini fiye da iskar numfashi sau ɗari biyu da ɗoriya, ta hana shi kai iska ga ƙwaƙwalwa da zuciya. Buɗe taga ba ya wadatarwa, fanka ma haka. Mai barci ba ya farkawa ya gudu. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, amai da mutuwar jiki, shi ya sa a damina ake ɗaukarta zazzaɓin sauro, a sha magani a koma cikin hayaƙin a kwanta. Abin lura shi ne idan mutum biyu ko uku a gida suka fara wannan kuka lokaci guda, inji na aiki. Nan take a fitar da kowa fili, a kashe injin, a buɗe ƙofofi. Ba madara, ba manja, ba a ɗura wa wanda ya suma komai a baki. A kwantar da shi a gefensa a nufi asibiti, Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, a gaya wa likita ƙarara cewa hayaƙin janareto ne, domin oksijin yake buƙata. Masu ciki, jarirai da tsofaffi a kai su ko da sun ce sun ji sauƙi. Akwai ƴar na'ura mai batir da ke ƙara idan wannan iska ta taru. Wanda ya samu ya rataya ta kusa da ɗakin kwana. Ni dai a ganina, ko da rumfa, a kashe inji kafin barci ya fi, a bar fanka mai caji ta ƙarasa daren.

Sauran kula ba ta da yawa. Sabon inji a juye masa baƙin mai bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 50 zuwa 100, gwargwadon abin da littafinsa ya ce. A wanke soson iska, musamman bayan ƙurar hunturu, a goge fulogi. Idan wuta ta zauna aka daɗe ba a nemi injin ba, a riƙa tayar da shi sau ɗaya a wata, a kuma rufe famfon fetur a bar shi ya shanye na cikin kafireta ya mutu da kansa, don tsohon mai yana daskarewa ya toshe ta. Babban gyaran shekara a yi shi a Maris, tun layi bai yi tsawo a wurin makanikai ba.